Korbinar Don Telmo

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Don Telmo Anchundia ya san ba askin ne wahala ba, labarin ne. Kana zaune, an ɗaure maka ƙyalle a wuya, aska na yawo a maƙogwaronka, ina ka ga bakin musu? A nan za ka ji yadda kakansa ya kamo kifin da sai da aka ɗaura wa shanu kafin a ja shi kan tudu, da yadda shi kansa yake gane kifi daga warin ruwan da ya bi ta ciki. Ya yi shekaru yana tsaron ƙofar wani otal a Guayaquil, ya dawo mana Salinita da almakashi, da murɗaɗɗen gashin baki, da tabbacin cewa duk gaɓar tekun nan ba a haifi wanda ya kai shi sanin kifi ba. Mu da muka yi wasan ƙasa tare da shi kuwa mun san ko kwalekwalen da ke kife a kan yashi ya jingina da shi, sai ya nemi lemun tsami saboda tashin zuciya.

To, abin da ya tsone masa ido shi ne Waliyyi. Kowace shekara a ƙarshen watan Yuni muna bikin San Pedro, waliyyin masunta, kuma mutum ɗaya ne ke ɗaukar nauyin ciyar da gari, shi ne uban biki. In an ci an sha, maza su shiga jirage cikin fararen kaya, a zaga da mutum-mutumin Waliyyi a kan ruwa. In an dawo, uban biki ya sauko da shi a hannu har kan yashi, Fada, limamin cocinmu, ya tambayi jama'a ko sun ƙoshi. In suka amsa, shi ke nan, Waliyyi zai shekara a gidan mutumin. A bikin da ya gabata Nicanor ne ya yi, ƙanen Doña Zoila matar Telmo, wani masunci mai ƙarancin magana da yawan murmushi. Shekara guda cur Telmo na cire malafa don girmama Waliyyi in zai shiga falon ƙanen matarsa, kuma wannan cire malafar ita ta tsaya masa a wuya.

Saboda haka ranar da aka taru a farfajiyar coci don zaɓen sabon uban biki, tun Fada Benigno bai rufe baki ba Telmo ya miƙe. Ya ce ya gaji da ganin ana wulaƙanta Waliyyi da romon rogo, wanda sai mutum ya yi iyo a cikin kwano kafin ya gamu da kifi. Ya ce in aka ba shi, kowane baki a Salinita, mai haƙori da marar haƙori, kifin korbina zai ci, yanka guda mai faɗin tafi biyu, irin wadda ake ajiye wa manyan baƙi a otal. Jama'a suka ɗauki tafi. Mutanenmu, in dai an ambaci na banza, ko kurma ji yake.

Nicanor ya bari tafi ya lafa, sannan ya ce, "Wace korbinar, mijin Yaya?"

Tambaya ce ta gaskiya ba tsokana ba, ko da yake a bakin Nicanor da wuya ka raba su. A wajenmu korbina kamar "kawu" ce, ka kira ɗaya da yawa su waigo. Akwai fara mai sheƙi, mai gurnani in an jefa ta cikin jirgi, ita ce sarauniya. Akwai 'yar rawaya ta bakin kogi. Akwai ta dutse, ja-ja, doguwa, mai santsi, ba kyan gani amma ba ta da na biyu a miya. Sannan akwai baƙa mai manyan idanu, wadda manyan jirage ke kamowa can cikin zurfi. Ita wannan ba a cin abin da ya wuce faɗin yatsa biyu, kuma tsofaffinmu suna ajiye ta ne don wanda cikinsa ya ƙulle. Ba abin da ya haɗa su sai sunan. Shi ya sa kowa a garin nan ya tashi da doka ɗaya: kifi in ba kai, ba a saye. Sai an ga ido, an ga baki, an ga fata.

"Korbina korbina ce, yaro," in ji Telmo. "Suna ɗaya, kifi ɗaya. Sauran duk surutun masunta ne don su ruɗa mai saye."

Nicanor ya yi murmushinsa, ya ce Allah ya kai mu.

Washegari Telmo ya kafa kantar da zai ɗora Waliyyi a bangon falo, daidai inda za a hango ta daga titi, ya shafe ta da shuɗin fenti. Doña Zoila ta tsaya tana kallo, kuma ita ba abin dariya take gani ba. Tun tana yarinya Waliyyi ya taɓa shekara a gidansu, ita ke canza masa furanni, kuma tun da ta yi aure take fatan ganinsa a ƙarƙashin rufinta. Ta zauna ta saƙa ƙyallen da za a shimfiɗa masa, ta kuma yi alkawari tsakaninta da Allah cewa ranar biki ko ruwa ba za ta kai baki ba sai ta shiga da Waliyyi gida. Abu ɗaya ta roƙi mijinta, ya bar wa Nicanor zancen kifi. Ya ce mata ai gara ya rasa gashin bakinsa.

Shirinsa na farko shi ne ya kamo da kansa. Ya ce jinin kakansa na jikinsa, kifaye gaisuwa za su zo. Ya shiga jirgin Nicanor da malafa da farin takalmi, yana nuna wa masu tura jirgi inda za su dafa. Ba su wuce inda igiyar ruwa ke karyewa ba ya bar magana, abin da ya sa kowa ya san lallai ba lafiya. Kafin a jefa ƙugiya ta farko ya rataye a gefen jirgi yana mayar wa teku da karin kumallonsa. Dole aka juyo da shi. Da ya ji ƙafarsa a kan yashi sai murya ta dawo, ya gaya wa masu gyaran koma cewa ya leƙa ruwan ya ga korbinar bana ba ta ƙosa ba, shi kuwa ba zai ci amanar teku ba. Wani tsoho ya ce lallai ya leƙa, don daga nan ma sun hango shi yana ta leƙawa.

Sai ya sa aka yi shela cewa zai saya. Da hantsi kwanduna suka cika ƙofar shagonsa, Doña Perpetua a gaba, uwar masu sayar da kifi, mace mai damtse irin na masu jan koma. Fada Benigno na kan kujera, an shafe masa rabin fuska da kumfa. Telmo ya fito da mataji yana gwada tsawon kifaye da shi. Ya ɗaga 'yar rawaya ya ce wannan ciwon shawara take yi. Ya ga fara ya ce to, wannan da dama-dama, amma ina sauran? Perpetua ta ce iyakar abin da teku ta bayar ke nan, a haɗa da sauran a yi miya kowa ya samu, haka ake yi tun kafin a haife shi. Ya ce shi ba haɗe-haɗe ya yi wa gari alkawari ba. Ya kamo ta dutse ta wuya ya ɗaga sama don jama'a su shaida.

"Wannan ai maciji ne, Doña Perpetua. Ki mayar wa wanda ya ba ki."

"Korbina ce, Don Telmo."

"To waccan fa?"

"Ita ma."

"Uwarsu ɗaya?"

"Kai da Nicanor uwarku ɗaya? Ga shi duk ana ce muku maza."

Aka kwashe da dariya. Wanzami ba ya son jarfa. Telmo ya matse kifin don haushi, kifin kuwa ya sulluɓe, ya yi sama, ya bi ta ƙofar shago ya sauka a cinyar Fada. Fada ya zabura da kumfa a fuska, ya kira sunayen waliyyan da ba mu taɓa ji ba. Sannan, da yake mutum ne da ba ya wasa da cikinsa, ya duba kifin da kyau ya tambaya ko akwai mai shi. Perpetua ta ce ya riƙe sadaka. Ta ɗora kwandonta a ka, ta ce daga yau duk macen da ta sayar wa mai askin nan ko da ɓawon kifi ne to ta nemi wata kasuwar, ita kuma ba za ta taka wurin girkinsa ba ko Waliyyi ne da kansa ya zo kiranta.

In wani ne, nan zai tsaya ya ba da haƙuri. Telmo ya ce dama kifin ƙauye bai dace da shi ba. Ana gobe biki ya hau motar ƙanƙara zuwa Manta, ya bi bayan manyan jirage yana tambaya da muryar otal, har aka nuna masa wani mutum a ƙofar ɗakin sanyi. Mutumin ya buɗe kwali. Jama'a, Telmo ya ga abin da ya daɗe yana mafarki: yanka-yanka farare tas, masu kauri, kansu ɗaya, ba fata, ba ƙaya, ba kai, ga araha kamar a ce ɗauka kyauta.

"Korbina ce?"

"Korbina ce, maigida. Baƙa."

Telmo ya dubi naman fari fat, ya dubi mutumin, ya yi masa dariyar tausayi, ya ce ya je a duba masa ido. A faɗi gaskiya, mutumin nan bai cuce shi ba. Har cewa ya yi a dai riƙa ba mutane kaɗan-kaɗan. Telmo ya ji kamar an zage shi. Ya ce a gidan Anchundia ba a san kaɗan ba, a ƙaro kwalaye.

Ya shigo gari zaune a saman kwalayen, direba na ta danna hon. Zoila ta buɗe kwali ɗaya, ta daɗe tana kallo.

"Telmo, ina kan?"

"Na baro shi a Manta. A wurin manya ba a kawo wa mutum kifi yana kallonsa."

"Fatar fa?"

"Fata za ki ba baƙin Waliyyi?"

Ta ce bari ta kai wa Nicanor yanka ɗaya ya duba. Ya tare ƙofa, ya ce in ko tsoka ɗaya ta fita gidan nan kafin gobe, to ta tozarta shi a gaban ƙanenta, kuma ba zai manta ba. Ta mayar da murfin kwali.

Ranar biki tun da sassafe aka hura gawayi a ƙarƙashin rumfa. Matan da suka zo taya Zoila suka lura kifin na tsatsafar da mai tun bai ji wuta sosai ba, kaskon da aka ɗora a bushe kafin ka ce kwabo, ya cika da mai. Telmo ya ce to ba ga shi ba, kifin manya da mansa yake zuwa. Ya karɓi cokali don ya nuna musu yadda ake juyawa a otal, ya sunkuya, mai ya zuba kan gawayi, wuta ta yi tsalle ta lashe masa gashin baki na hagu ƙarƙaf. Ya shige ɗaki, ya fito da sabon na hagu da ya zana da jagirar Zoila. Albasa dai ta sa mata da yawa hawaye a safiyar nan.

Da rana ta take aka jera tebura. Ba zan ɓoye ba, abinci ya yi kyau: shinkafa, soyayyar agade, farin kifi kwance cikin miyar gyaɗa, ga giyar rake da ta riga ta zaga tun kafin a zauna. Mata, bisa al'ada, ba sa ci sai jirage sun dawo, rabo kawai suke yi. Maza suka ɗauki cokali. Kifin na narkewa a baki kamar man shanu.

Yanzu za ku ce, garin masunta guda, ba wanda ya gane? Ai an gane. Tsofaffi da dama sun tsaya da tauna sun dubi juna. Amma kowa ya ce a ransa, in da ita ce ai da wane ya faɗa. Ga miya ta rufe, ga daɗi, ga shi ba kai ka saya ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Nicanor kaɗai ya ajiye cokali, ya ce kifin nan ya cika laushi, yana so ya san wane jirgi ya kamo shi. Telmo dama jira yake. Ya hau kan benci ya ce jama'a su shaida, hassada ta hana ƙanen matarsa haɗiya. Nicanor ya ga duk an zuba masa ido, don ya wanke kansa sai ya miƙa kwano a ƙara masa. Fada ya ƙara, ya sa albarka, ya sake ƙarawa. 'Yan badujalar da aka ɗauko daga Jipijapa, mutanen tudu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka ci kamar masu guzuri. Telmo ya fi kowa, don tebur-tebur yake bi yana nuna wa mutane yadda ake ci.

Da la'asar aka tura jirage, an yi musu ado da tutocin takarda, maza fes cikin fararen wandunan da aka goge tun jiya. Jirgin Nicanor ne a gaba, shi ke riƙe da inji, Fada a tsakiya, Telmo a goshin jirgi rungume da Waliyyi, lemun tsami a kumatu. Teku ta kwanta luf ranar, ko tashin zuciya bai ji ba, sai ya ɗauka wannan ma shaida ce daga sama. Ya fara yi wa jiragen da ke biye jawabi kan yadda jikoki za su riƙa ba da labarin wannan biki.

Mai babban ƙaho ne ya fara. Ya cika kumatu zai saki wata doguwar busa, sai aka ji ta yanke a tsakiya. Ya sauke ƙahon a hankali, ya zauna a hankali, ya ƙura wa sararin sama ido. Halin baƙar korbina ke nan, ba ta murɗa ciki, ba ta sallama. Mai ne kawai, ja-ja kamar manja, yake bin hanyarsa ya fice, mutum bai sani ba sai ya ji ɗumi. Mai ƙaramin ƙaho ya juyo zai tambayi abokinsa ko lafiya, ya yi tari, shi ma ya zauna. Haka kiɗan ya dinga sirancewa har ya rage mai ganga kaɗai, shi ma yana bugawa kamar mai tsoron tada jariri.

A sauran jirage waƙa ta mutu. Mazan da ɗazu ke tsaye suna kaɗa tuta duk sun zauna, gwiwa a haɗe, kowa ya kawar da kai gefe kamar an yi musu rasuwa. Da aka kai inda ake sa wa teku albarka, Fada ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Ya tsaya a haka. Sannan ya koma ya zauna, ya ƙarasa addu'ar daga zaune, kuma tsofaffi sun ce ba su taɓa jin gajeriya irinta ba.

Nicanor bai ɗaga murya ba. "Mijin Yaya, wanda ya sayar maka da kifin nan, bai ce komai ba?"

"Ya ce korbina ce."

"Daga nan fa?"

"Ya yi wata maganar baƙa, amma mutumin ba ya gani sosai. Kai ma ai ka ga naman."

Fada ya rufe ido ya ce Ubangiji ya yi mana jinƙai. Nicanor ya juya kan jirgi zuwa gida ba tare da ya ɗaga daga mazauninsa ba. Telmo kuwa da ya fahimci abin da ke damun mutane sai dariya ta kama shi. Ya ce laifin cikinsu ne, cikin da ya saba da rogo in ya ga abincin kirki dole ya firgita, shi ga shi nan garau. Ya yi ta dariya har da tanƙwarewa, kuma a tsakiyar dariyar ce ya yi shiru.

A bakin ruwa duk gari na jira, mata da kyandira, yara, baƙi daga ƙauyukan maƙwabta, ana ta harba wutar biki sama. Jirage suka soki yashi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mata suka yi ta kiran mazajensu da suna, mazajen na ɗaga hannu suna murmushi kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Wasu samari suka yi dabara suka silale ta bayan jirgi cikin ruwa har wuya, wai zafi suke ji. Sai ga kowannensu zoben mai ja-ja ya kewaye shi, irin wanda ke tasowa a kan miya. Doña Perpetua, wadda rantsuwarta ta hana ta wurin girki amma ba ta hana ta kallo ba, ta matso ta dubi ruwan, ta dubi mazan.

"Baƙa ce," ta ce wa matan da ke bayanta. "Sun ƙi duba kai, yanzu sai su duba wutsiya."

Telmo dai bai fid da rai ba. Ya auna abin a ransa: jama'a na gabansa, teku na bayansa, teku ba ta da baki, mazan jirgi kuwa kowa ta kansa yake. In ya sauka yana fuskantar gari, ya tsaya yana fuskantarsa, aka yi tambaya aka amsa, Waliyyi nasa ne; yadda zai kai gida kuma a ga wannan daga baya. Ya zura ƙafa cikin ruwa, Waliyyi a hannu biyu, ya tako a hankali, cinya a matse, har kan busasshen yashi. Gumi ya riga ya jawo gashin bakin hagu ya kai shi haɓa. Ya yi gyaran murya ya ce Fada ya yi tambaya.

Fada, daga inda yake zaune, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ya tambaya ko jama'a sun ƙoshi.

"Mun ƙoshi, Fada," in ji Nicanor. "Har mun mayar da rara."

Amsa dai amsa ce. A bisa al'ada magana ta ƙare, Telmo ya yi nasara. Da ya tsaya yadda yake, ya miƙa wa Zoila Waliyyi, ya ja da baya ya koma ruwa, da yau wani labarin nake ba ku. Amma ina, baki shi ke yanka wuya. Daɗi ya kwashe shi, ya ga ba zai iya barin wannan ta wuce bai gaya wa ƙanen matarsa magana ba. Ya juya gaba ɗaya, ya fuskanci jirgin, ya ɗaga Waliyyi sama.

"Ka faɗa da bakinka, yaro! Gobe in za ka shigo gidana, ka cire malafa!"

Ya ba Salinita baya, ita da baƙinta.

Wata tsohuwa ce ta fara cewa "Uwa Maryamu", daga nan wuri ya ɓarke. Na sha jin dariya a garin nan, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Tun daga ƙugu har bayan gwiwa farin wandon nan ya koma tutar wata ƙasa. Mata na zubewa kan yashi, kyandira na mutuwa, baƙi na ɗora yaransu a kafaɗa don kada a ba su labari. Mazan jirgi ma sun so su taya, suka tuna abin da dariya ke jawowa, suka cije. Karnukan bakin ruwa suka taso suna shinshina. Telmo ya juyo, ya sake juyawa, ya rasa wa zai ba baya, yana ta zagaye a wuri ɗaya da Waliyyi a sama.

Zoila ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tun asuba ba ta sa komai a baki ba, leɓenta ya bushe, ga ƙyallen da ta saƙa a hannu. Ni kam ta ba ni tausayi. Ta ratsa mutane, ta karɓi Waliyyi daga hannun mijinta, ta lulluɓe shi da ƙyallen.

"Cire malafarka, Telmo," ta ce. "Akwai inda ya fi kanka buƙatarta."

Ta juya, mata suka bi ta da sauran kyandiran da ba su mutu ba. Telmo na biye daga nesa, malafa a baya, yana ba da umarnin a buɗe ƙofa, a share falo. Aka iso ƙofar gidansa, shuɗiyar kantar na leƙowa ta taga. Zoila ko waiwaye ba ta yi ba. Ta wuce, ta haura layin coci, ta shiga gidan tsohuwarta, ta ajiye Waliyyi a kan teburin da ya taɓa zama tun tana yarinya, sannan ta nemi ruwa ta sha. Ba ta fito ba ranar, ba ta fito ba washegari.

An daɗe igiyoyin shanya a Salinita ba ka ganin komai sai fararen wanduna masu taswira, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Telmo ya aika Fada biko. Fada, wanda tun ranar ba ya amsa gayyar abinci sai ya tambayi ina kan kifin, ya dawo da sharaɗi ɗaya. Kullum da rana Zoila za ta aiko wa mijinta abinci, kifi da kansa da fatarsa. Ranar da ya faɗi wace korbina ce a kwanon, ita da Waliyyi za su dawo tare.

Nicanor ke kawowa da kansa, don ya ce wannan aiki ba zai bar wa kowa ba. Sai ya shigo falo, malafarsa a ka, ya ajiye kwano a kan shuɗiyar kantar, ya buɗe. Kifi ya zuba wa Telmo ido, Telmo ya zuba masa.

"Wace ce yau, mijin Yaya?"

Telmo ya duba baki, ya duba fata, ya murɗa gashin bakin da ya sake tohowa. Wani lokaci har leɓensa na motsi, don yanzu ya san su sarai, kowa ma ya san ya san su. Amma in ya faɗa, ai yaron nan ke da gaskiya ke nan tun a farfajiyar coci.

"Korbina korbina ce," in ji shi.

Nicanor ya ce to, a ci lafiya, sai gobe. Watan Yuni kuma ga shi ya kusa zagayowa.